Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Ragowar Banish Ya Daskare a Gwangwani?

Wani matashin kafinta daga Yelwan Yauri, wanda bai daɗe da buɗe rumfarsa ba, ya aiko mana da tambaya. Ya ce yakan sayi galan ɗin banish mai lita 4, ya shafe gado ko ƙofa, rabi ya rage. Bayan wata ɗaya ko biyu in ya buɗe sai ya tarar da ɓawo a sama, wani lokaci ma duk ya kame. Yana son sanin dalili, da kuma ko ƙara tina zai gyara shi.

Madalla da wannan tambaya, ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. A tsadar kaya ta yau, rabin galan ba abin zubarwa ba ne.

Ka fara da sanin cewa abubuwan da muke shafa wa katako ba halinsu ɗaya ba. Akwai masu bushewa don kawai tinar da ke cikinsu ta bi iska, irin su sila, wato shafin farko da ke toshe ƙofofin katako kafin a goge da samfefa. Tina kuwa ita ce ruwan da ake tsinka su da shi. Irin waɗannan in sun yi kauri a gwangwani, ka zuba musu tinar da ta dace, ka motsa, sai su dawo.

Banish mai haɗin mai da fenti mai ƙyalli kuwa nasu daban ne. Man da ke cikinsu yana shan oksijin, wato sashen iskar da muke shaƙa, sai ya rikiɗe ya taurare. Wannan shi ke ba ƙofarka ƙarfi da sheƙi, kuma shi ne dai ke faruwa a cikin gwangwani. Mutane da yawa na zaton in murfi ya rufu ruf shi ke nan. Ai iskar da ka rufe a ciki ma ta isa yin ɓarna. Galan da aka ci rabinsa, ɗaya rabin iska ce zalla, kuma duk buɗewa sabuwa kake shigarwa. Banish ɗin da ya riga ya kame ya zama kamar dafaffen ƙwai, ba ya komawa ɗanye. Tina za ta tsinka shi a ido, amma in ka shafa zai yi gudaji, ko ya kwana biyu yana danƙo. Fetur da kananzir ma ba magani ba ne, ƙara lalata shi suke yi.

To, dabarar ita ce ka hana iska wurin zama. Da ka gama aiki, juye ragowar a ƙaramin gwangwani mai lita 1 ko kwalbar gilashi mai faɗin baki, busasshiya, ka cika ta har wuya. Gara ƙanana biyu cikakku da babba ɗaya rabi. In ba ka da ƙaramin mazubi, wanke tsakuwa masu santsi, su bushe sarai, ka jefa ciki har banish ya taso kusa da baki. Robar ruwan sha ba ta da tabbas, tina mai ƙarfi na iya cinye wasu robobin. Kuma ina roƙonka, kada ka zuba a kwalbar lemo ka ajiye inda yaro zai kai hannu. Rubuta suna da ranar da ka juye a jiki.

Sai murfi. Goge bakin gwangwanin da tsumma, don banish da ya bushe a ramin bakin shi ke hana murfi zama. Shimfiɗa 'yar leda, ɗora murfin, sa guntun katako a kai sannan ka buga a hankali. Dukan guduma kai tsaye yana lanƙwasa murfi. Bayan haka kifa gwangwanin na ɗan lokaci, ruwan ya liƙe 'yan kafofin da suka rage. Wajen aiki kuma, tsiyayi iya buƙatarka a wani kwano ka rufe babban nan take. Burushi yana kwaso ƙura da garin katako, don haka abin da ya rage a kwanon kada ya koma ciki.

Yanayin ƙasar Yauri ma yana da nasa hannu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma rumfar kwano ta fi waje zafi, shi kuwa zafi yana gaggauta daskarewa. Da damina kuma danshin Kogin Neja da Tafkin Kainji kan sa gindin gwangwani ya yi tsatsa, abin da masu fentin kwale-kwale a bakin ruwan Yauri da Wara suka sani sarai. Nemi lungun ɗakin ƙasa mai sanyi, ka ɗora a kan katako, nesa da murhu da janareto.

Akwai kayan shafa iri biyu da doguwar ajiya ba ta yi musu. Wanda ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa, da zarar an gauraya ya fara kamewa, ko an rufe ko ba a rufe ba, saboda haka kwaɓa iya na aikin gabanka. Folish ɗin shalak da ake jiƙawa da sifirit kuma, in ya kai kamar shekara a jiƙe yakan ƙi bushewa.

In ka tarar da ɓawo kawai, na ƙasa kuma yana zuba, bai lalace ba. Yanke ɓawon ta gefe ka ɗaga shi ɗungurungum, ka tace sauran da tsohon gidan sauro ko ƙyalle mai laushi. Shafa kaɗan a guntun katako ka bar shi ya kwana. In da safe ya bushe ƙarau, farce bai shiga ba, yi aikinka.

Tsumman da ya jiƙe da man shafa katako kuwa, kada ka dunƙule shi ka jefa cikin garin katako. Shan iskar nan da muka faɗa yana haifar da zafi, har tsumma ya kama da wuta shi kaɗai. Baza shi a fili ya bushe, ko ka nutsa shi a bokitin ruwa kafin ka kulle rumfa.