Darasin Noma: Wane Lada Ne Ke Tsare Itace a Gona?

'Yan'uwa manoma, ana yawan tambayarmu nan Yamai: in na bar itatuwa cikin gonata, wa zai biya ni? Amsar tana cikin abin da ya faru a jihar Maraɗi.

1. Ladan waje

A shekarar 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara koya wa manoman Maraɗi sassaben zamani, wato renon tohon kututture maimakon ƙone shi. Da fari ya kawo yunwa a 1984, sai aka riƙa ba da cimaka ga masu barin itatuwa a gonakinsu. An raya itace wajen 500.000. Amma da rabon cimaka ya ƙare, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku.

Me ya sa? A ƙarƙashin dokar daji ta 1974, manomi na iya shan tara in ya sare gawo, ko da cikin gonar gadonsa ne. Wanda ba shi da iko da itace ba ya wahalar renonsa.

2. Ladan cikin gona

Waɗanda suka bar nasu sun ga amfani. Gawo yana kaɗe ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana, kuma ƙasar gindinsa tana da taki. 'Ya'yansa abincin bisashe ne da rani. Sabara da kalgo suna kare shibka daga iska, suna ba da itacen wuta na gida da na sayarwa. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya ba tare da an biya su ko dala ba. Daga baya masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Doka ma ta sake. An yi sabuwar dokar daji a 2004, kuma a watan Yuli na 2020 gwamnati ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

3. Aikin da za a yi

Lokacin sassabe, a duba kututture masu rai. A kowane ɗaya a zaɓi toho 3 zuwa 5 mafi ƙarfi, a yanke sauran. A sassabe rassan ƙasa har rabin tsawon tohon, da gatari mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. A shirya da mai gari da makiyaya a kan tsaro. Kafin sare babban itace, a tuntuɓi ma'aikacin gandun daji.

In wani shiri ya kawo kuɗi ko cimaka, ku karɓa, amma ku tambaya: ranar da ya tafi, itacen na wa ne?

Tambayar mako ga masu saurare: kututture nawa masu rai ke cikin gonarka bana? Ku ƙirga, ku aiko mana.