Yadda Ake Kula da Kyanwar da Jijiyar Idonta Ta Samu Matsala

Akwai wata larura da ke ba masu kiwon kyanwa tsoro: a wayi gari idonta ɗaya ya sauya kama. Fatar ido ta sama ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon ya tsuke, idon ya ɗan lotsa ciki, sannan wani farin tantani ya taso daga gefen hanci ya rufe wani sashe nasa. Likitoci na kiran haɗuwar waɗannan alamomi huɗu larurar Horner, da sunan Johann Friedrich Horner, likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana ta a jikin ɗan Adam a 1869.

Idon ne ke nuna alama, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jijiyar da ke buɗe baƙin ido, ta kuma riƙe fatarsa, doguwar hanya take bi. Daga ƙwaƙwalwa take tasowa, ta gangara cikin laka zuwa farkon ƙirji, ta juyo sama ta wuya, ta ratsa tsakiyar kunne, sannan ta isa ido. Duk inda ta samu rauni a hanyar nan, a ido za a gani, kamar yadda ƙwan lantarki ke mutuwa alhali waya ce ta tsinke a can bayan ɗaki. Ga matakan da ake bi.

Mataki na farko: a lura da kyau. A kai kyanwar wuri mai ƙarancin haske a kwatanta idanun biyu. Baƙin idon mai lafiya zai buɗe sosai, na mai matsalar zai tsaya a tsuke. Larurar Horner ita kaɗai ba ta da zafi, kuma ba ta makantarwa. Idan kuwa tana runtse idon, tana sosa shi, ya yi ja, ko yana zubar da hawaye da kwantsa, to wataƙila gyambo ne ko kumburi a cikin idon, kuma wannan ba ya jiran gobe. A ɗauki hoton fuskarta da waya domin a nuna wa likita.

Mataki na biyu: a tuna abin da ya faru kwanakin baya. Babur ko mota ta buge ta? Ta faɗo daga katanga? Ta yi faɗa da muzuru ko kare an cije ta a wuya? An goge mata kunne da tsinken auduga? A duba ko kunnen yana wari ko fitar da mugunya, ko tana karkata kai gefe guda, tana tangaɗi, ko tana jan ƙafar gaba ta ɓangaren idon. A jikin kyanwa, ciwon tsakiyar kunne da tsiron da kan fito a cikinsa suna cikin manyan dalilai. Idan akwai cizon kare kuma halinta ya sauya, tana dalalar da yawu ko kai cizo, kada a taɓa ta da hannu. A rufe ta a ɗaki a kira likita, saboda ciwon haukan kare yana kama kyanwa, yana kuma kashe mutum.

Mataki na uku: kada a yi mata magani da ka. Kada a sa mata kwalli, ko ragowar maganin ɗigawa da wani ya yi amfani da shi a gida. Wasu magungunan ido na rage kumburi suna ƙara zurfafa gyambo. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka nan kada a ɗura komai a kunne, domin idan dodon kunnen ya fashe, maganin zai shiga ciki ya ƙara ɓarna.

Mataki na huɗu: a kai ta asibitin dabbobi. A sa ta a kwali mai ramukan iska ko kwando mai murfi, ba a buhu ba. Likita zai ɗiga wani rini a idon ya ga ko akwai gyambo, ya leƙa kunne, ya lalubi wuya, ya gwada ƙafafuwa. Yakan ɗiga maganin fenilefirin mai sauƙin ƙarfi: idan baƙin idon ya buɗe cikin kamar minti 20, alama ce raunin yana kusa da kunne ko ido. Idan ya ɗauki lokaci fiye da haka, sai a nemi matsalar a wuya ko ƙirji, inda za a buƙaci hoto, don wani lokaci ƙari ne ke danne jijiyar. In asibitin garinku ba shi da kayan aiki, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Mataki na biyar: a yi maganin tushen. Ita larurar ba ta da wani magani nata na kanta. Idan ciwon kunne ne, za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, kuma dole a ƙarasa shi ko da an ga sauƙi. Idan tsiro ne, sai an cire shi. Wani lokaci aikin cirewar ma yakan jawo alamomin na ɗan lokaci, daga baya su wuce. Akwai kuma lokacin da za a bincika ba a gano dalili ba, jijiyar ta warke da kanta.

Mataki na shida: kulawar gida. A tsare kyanwar a cikin gida, musamman in tana jiri, a ajiye mata abinci da ruwa a ƙasa. A goge gefen idon da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce. A gwada ko tana ƙifta idon ta hanyar taɓa kusurwarsa a hankali. Jijiyar da ke rufe ido ma ta kusa da tsakiyar kunne take bi, don haka ciwo ɗaya yakan taɓa jijiyoyin biyu. Idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi, ƙurar hunturu kuma ta ƙara masa, sai an riƙa sa masa maganin jiƙa ido da likita ya rubuta sau da yawa a rana. Wajen sa maganin, a naɗe ta da tawul a bar kai a waje, a zo mata ta baya, kada bakin kwalbar ya taɓa idon.

Mataki na bakwai: haƙuri da bibiya. Jijiya ba ta warkewa da wuri, takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A riƙa ɗaukar hoto mako-mako a wuri guda don a ga ko ana samun ci gaba. Ko da alamar ba ta gushe gaba ɗaya ba, kyanwar za ta ci gaba da gani da farautarta. Amma idan ta daina cin abinci, numfashinta ya yi nauyi, ta rame, ko idon ya yi fari, a koma asibiti a ranar.

Mai kyanwa, in ka ga ido ɗaya ya sauya, kada ka tsaya a kan idon. Ka sa a duba kunne, wuya da ƙirji tun da wuri, domin a can ne maganin yake.