Koya wa Yara Ƙirgen Kwamfuta da Yatsu

Malamin da ke son ɗalibai su gane yadda kwamfuta ke lissafi da 0 da 1 kawai, ya fara da hannunsu kafin allo. A ba kowane yatsa daraja ninkin ta wanda ya gabace shi: babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 4, mai bi masa 8, ƙarami 16. Yatsan da aka miƙe a ƙirga shi, wanda aka lanƙwasa sifiri ne. Don nuna 13, sai a miƙe na 8 da na 4 da na 1. Hannu ɗaya zai kai 31, hannu biyu 1023, maimakon goman da muka saba. Yaron da yatsunsa suka saba da ninkin nan ba zai yi mamakin ganin ma'ajiyar waya tana zuwa 32, 64, 128 ba.

Wasu za su ce yatsan 8 ba ya miƙuwa shi kaɗai. Gaskiya ne, amma sai a kifa hannu bisa tebur, yatsan da ya taɓa katako shi ne za a ƙirga. Wannan dabara ta kuma kawar da wata matsala: 31 da hannu a sama yatsu biyar ne a buɗe, kuma a wurinmu daƙuwa ce idan tafin ya fuskanci mutum.