Kiwon lafiya: ciwon ƙirjin da ba a bari ya kwana

Zuciya tsoka ce. Girmanta ya yi kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana cikin ƙirji, tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata wajen hagu. Aikinta shi ne tura jini ko'ina cikin jiki, kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin lambu. In babban mutum yana zaune, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya. Dare da rana ba ta hutawa.

Ita ma zuciya tana bukatar jini don ta rayu. Akwai wasu ƙananan jijiyoyi da suke kai mata nata rabo. Faɗin cikinsu milimita 3 ko 4 ne kawai, bai kai kaurin allin rubutu ba. Da tafiyar shekaru, kitse yakan taru a cikinsu sannu sannu, kamar yadda laka take cike hanyar ruwa. Wata rana sai gudan jini ya tsaya a wurin da ya ƙuntata, hanya ta toshe. Ɓangaren zuciya da ya rasa jini sai ya fara mutuwa. Wannan shi ne ciwon da ake ji a rediyo ana ce masa bugun zuciya. Sunan yana ruɗa mutane, don kowace zuciya mai rai tana bugawa. Ainihin abin toshewar jijiya ne.

Ba ciwon Turawa kaɗai ba ne, ba kuma na attajiran birni kaɗai ba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18. Babu wata cuta da ta kashe kamar haka. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane ƴan ƙasashe ne marasa ƙarfin arziki ko masu matsakaicin ƙarfi.

Yaya ake gane shi?

Babbar alama tana tsakiyar ƙirji. Yawanci ba suka ba ce irin ta ƙaya. Nauyi ne da matsewa. Mutum yana ji kamar an aza masa buhun gero a ƙirji, ko kamar an ɗaure shi tamau da igiya. In an ce ya nuna wurin, ba ya nunawa da yatsa ɗaya. Sai ya dafe ƙirjin da tafin hannu, ko ya dunƙule hannu a kai.

Ciwon yakan yi tafiya. Yana sauka hannun hagu, wani lokaci hannu biyu. Yana hawa wuya da muƙamuƙi. Yana bi ta baya, tsakanin kafaɗu. Wani kuma a bakin ciki yake jin sa, ƙarƙashin ƙashin ƙirji.

Tare da ciwon, gumi mai sanyi yakan karyo wa mutum ko da cikin hunturu ne. Numfashi ya yi wuya. Zuciya ta tashi, har a yi amai. Jiri ya ɗebe shi. Wani tsoro yakan kama shi, ya ce yana ji kamar ajali ya zo. Kada a yi masa dariya, kada a ce raki ne.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ƙwarnafi. Magidanci ya ci tuwon dare, ya ji ƙirji na ƙuna, sai ya jiƙa kanwa ya sha, ya ce gobe ya warware. Wani ya ce gyambon cikinsa ne ya motsa. Mai yiwuwa haka ne. Amma ciwon da ya kai minti 15 bai lafa ba, ga gumi, ga wahalar numfashi, a ɗauke shi ciwon zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari sai an ƙara lura da su. Sau da yawa ƙirjinsu ba ya ciwo sosai, ko ma bai yi ba sam. Mace takan ji kasala mai tsanani farat ɗaya, ko haki, ko ciwon baya da tashin zuciya. Da yake mata sun saba da daurewa, sai ta ci gaba da daka ba ta faɗa wa kowa ba. Aikin mai gida da kishiya da ƴaƴa ne su tambaye ta.

Ciwon yakan aiko da manzo tun kafin ya zo. Mutum yana noma, ko yana jan guga, ko yana hawan tudu da kaya, sai ƙirji ya matse. Ya tsaya ya huta minti kaɗan, ciwon ya tafi. Gobe ya sake dawowa wajen aiki. Wannan yana nuna jijiya ta ƙuntata, amma ba ta toshe ba tukuna. Mai wannan alama ya je a duba shi tun yana tafiya da ƙafarsa. In ciwon ya fara zuwa yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ranar za a tafi da shi.

Me za a yi?

Naman zuciya yana fara mutuwa bayan kamar minti 20 zuwa 30 da toshewar jijiya. Cikin awoyi kaɗan ɓarna ta yi yawa, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa. Maganin da yake narkar da gudan jinin ya fi aiki a awoyin farko. Don haka ba a jiran gari ya waye, ba a jiran motar ranar kasuwa.

A tsai da shi daga aiki nan take. A zaunar da shi, a jingina bayansa da bango ko da jikin wani. A sassauta masa riga da rawani. Kada a ba shi abinci. Kada ya taka zuwa gidan likita da ƙafa, kada ya tuƙa keke ko babur da kansa. A nemo mota. In babu, a ɗora shi a amalanke yana jingine. Mai waya ya kira ma'aikacin lafiya na CSI mafi kusa, don ya shirya kafin a iso.

In akwai asfirin a gida, babban mutum ya tauna ƙwaya ɗaya, don tana hana gudan jinin ƙaruwa. Farasitamol ba ya wannan aiki. Ba a ba da asfirin ga wanda jikinsa ba ya karɓar sa, ko mai gyambon ciki da yake zubar da jini. Ba a kuma ba wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya shanye, don wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne.

Ƙaho da tsaga da turare ba sa buɗe jijiyar da ta toshe. Addu'a kuwa ana yin ta a kan hanya.

In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa. A riƙa dannawa da ƙarfi, ƙirji yana sauka kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. In mai dannawa ya gaji, wani ya karɓe shi.

A babban asibiti, kamar na Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, akwai na'urar da ake manna wa ƙirji, ta zana tafiyar zuciya a takarda. Awon ba ya zafi, minti kaɗan ne. Ma'aikacin CSI shi ne zai rubuta takardar tura maras lafiya can.

Waɗanda ciwon ya fi kamawa su ne masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da masu shan taba, da masu ƙiba, da wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ya taɓa yin sa. Haɗarin yana ƙaruwa ga namiji in ya haura shekara 45, ga mace in ta daina al'ada. Hawan jini ba ya yin ciwo, sai an auna ake sani, kuma ana auna shi a CSI. Gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen magi. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ya ci gaba da sha kullum, ko da yana jin garau.