Rayuwar Ƙungiyar Kiɗa: Daga Fadar Isa Zuwa Dandalin Yamai

Ɗalibai kan kawo sunan makaɗi su manta da ƙungiyarsa, alhali waƙar baka ba aikin mutum ɗaya ba ce. Abin da wannan darasi yake son malamin gobe ya kula da shi shi ne: mai ciyar da ƙungiya shi yake tsara mata abin da za ta rera.

Mu ɗauki Ibrahim Narambaɗa Tubali. Da kiɗan noma ya soma, kafin ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu. Ƙungiyarsa ta ƙunshi jagora da 'yan amshi masu kaɗa kotso. Tun da ci da sha da sutura da doki daga fada suke fitowa, sai waƙar ta tattara a kan kambama sarki, da jero asalinsa, da yi wa 'yan adawarsa zambo da habaici. Ba kasawa ba ce wannan. A cikin wannan ƙuntataccen fili ne aka haifi Bakandamiya, wadda har yau manazarta ba su gama tatsar ta ba.

A Amurka da Ingila kuwa, cikin shekarun 1980, an sami ƙungiyoyin kiɗan rok na bayan fage, wato waɗanda suka tashi ba da jingina ga manyan kamfanonin faifai ba. Mafi kusa da irinsu a maƙwabtanmu ita ce Tal National, wadda Hamadal Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a Yamai a 2000. Jita da ganguna ne kayan kiɗanta, tana kuma waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan Nijar. Ba ta da uban gida; da bukukuwa da wasannin dare da sayar da faifai a bakin titi ta tsayu, har kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da kundinta Kaani a 2013. Mai neman abinci wurin jama'a gauraye dole ya gauraya harshe.

Aiki
1. Bayyana rawar da 'yan amshi suke takawa a ƙungiyar makaɗan fada.
2. Zaɓi ƙungiya ɗaya a garinku. Wa yake ciyar da ita, kuma ta ina hakan ya bayyana a waƙoƙinta?