In Tankin Moto Ya Lotsa

Gidigir tana bakin babbar hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Gure. Ranar kasuwa, motoci masu ƙafa biyu sukan shigo daga ƙauyuka da kaya da mutane. Hanyoyin ƙauye kuwa rairayi ne. Moto yakan zame ya faɗi, tankin mai ya bugu da ƙasa ko da icce, sai ya lotsa.

Wani zai ce ai ba kome, tun da moto yana tafiya. To, akwai kome. Tankin da ya lotsa ba ya cin mai kamar da. Fenti yakan tsage a wurin, tsatsa ta kama ƙarfen. Sannu sannu sai ya huje, isansi ya riƙa ɗiga bisa inji mai zafi.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, tankin da aka zubar da mansa bai zama marar haɗari ba. Mai ya fita, amma tururinsa yana ciki. Tururin nan in ya gauraya da iska, tartsatsi guda ya isa ya fasa tanki. Masu walda da yawa sun ƙone ta haka. Kada ka leƙa cikin tanki da ashana. Kada a sha taba kusa da wurin aiki.

Ga yadda ake gyara. Ka rufe hanyar mai, ka juye man cikin jarka mai murfi, ka ajiye ta nesa da murhu. Sannan ka kwance tankin. Ka wanke cikinsa da ruwa da omo, ka girgiza, ka zubar. Ka maimaita har sau 3 ko fiye. Ka bar bakinsa a buɗe a waje, inda iska take kaɗawa.

In lotsawar ba ta da zurfi, ka samu sandar ƙarfe mai lanƙwasa. Ka naɗe kanta da tsumma, ka zura ta bakin tanki, ka riƙa turo wurin daga ciki. Fara daga gefe, ka tafo tsakiya. Kada ka yi gaggawa, don ƙarfen tanki ba shi da kauri.

Wasu sukan cusa tub ɗin taya a ciki, daidai wurin da ya lotsa, su hura shi da famfon hannu kaɗan kaɗan. Amma kada a toshe tanki a ɗura masa iska da inji. Zai kumbura, ko ɗinkinsa ya tsage.

In lotsawar ta yi kaifi, ko tanki ya huje, wannan aikin gwani ne. Kai wa mai walda. Gwani yakan cika tanki da ruwa har kusa da wurin da zai sa wuta, ya bar baki a buɗe. In ka ga ya ɗauko wuta bai wanke ba, karɓi tankinka.

Bayan gyara, ka cika shi da ruwa ka duba ko yana yoyo. Sannan ka juye, ka shanya shi a rana har ya bushe ƙarau, don ruwa cikin mai yana kashe inji. Ka goge wurin da sanfefa, ka shafa fenti.

In wutar isansi ta tashi, kada a zuba mata ruwa. Mai yana tasowa bisa ruwa, wuta ta ƙara yaɗuwa. A zuba mata rairayi, wanda muke da shi ko'ina.

Tambayoyi
1. Me ya sa tankin da ba mai yake da haɗari?
2. Sau nawa ake wanke tanki?
3. Da me ake kashe wutar isansi?