Yadda Ake Zaɓen Sabuwar Waya Idan Tsohuwa Ta Gaji

Kafin ka doshi Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko duk inda ake hada-hadar waya a garinku, zauna da tsohuwar wayarka ka tantance laifinta. Wayar da batirinta kaɗai ya mutu ba ta kai a yar ba, a sa mata sabon batir ta ci gaba da aiki. Wadda kullum take kukan ta cika, sau da yawa bidiyoyin guruf ne na shekara da shekaru suka toshe ta, shara kawai take so. Amma idan WhatsApp ko manhajar bankinka ta ce ba za ta ƙara hawa kanta ba, to lokaci ya yi. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0, a 2025 kuma ya sallami iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Irin wannan ciwo mai gyara ba shi da maganinsa.

Laifin da ka gano shi ne zai gaya maka abin da za ka nema a sabuwar. Sai ka haɗa shi da aikin da kake yi da waya. Matar da ke tallar atamfa da leshi a WhatsApp tana bukatar kyamarar da ke fito da launi yadda yake, don kada mai saye ta ga shuɗi a hoto a kai mata kore. Direban da ke wuni a hanya batir ne damuwarsa. Ɗalibi yana son wurin ajiye littattafai da gilashi mai faɗi. Dattijon da tafsiri da kiran jikoki ne aikinsa, lasifika mai ƙarfi da manyan haruffa sun fi masa komai amfani. Ba waya ɗaya ce za ta dace da waɗannan mutane huɗu ba, ko da kuwa kuɗin da ke aljihunsu daidai yake.

Daga nan sai kuɗi. Yanke abin da za ka kashe tun a gida, ka ware na gilashin kariya da gidan roba a ciki. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin waya bai zauna wuri ɗaya ba, saboda haka kuɗin da abokinka ya ce ya saya bara ba hujja ba ne. Tambayi shago uku ko huɗu a satin da za ka saya. Akwai kuma tsarin biya sannu a hankali da ake tallatawa. Kafin ka sa hannu, tara duka abin da za ka biya har ƙarshe ka gwada shi da farashin kuɗi hannu, ka kuma sani cewa a yawancin irin wannan tsari ana kulle wayar daga nesa idan ka yi jinkirin biya.

Yanzu ga abin da ke cikin wayar, kuma a nan nake so mai karatu ya fi natsuwa, domin a nan ake cin kuɗin mutane. A jikin kwali za ka ga lambobi biyu, misali 4GB da 128GB. Ƙaramar ita ce ram, ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita a lokacin da kake danne-danne. Babbar ita ce rumbun ajiya. Idan ram ya yi kaɗan, waya tana daskarewa, ka bar manhajar banki don kwafo lambar asusu, ka dawo ka tarar ta fara daga farko. A ganina, 4GB shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata mutum ya karɓa a yau, wanda ya sami hali ya kai 6 ko 8. Sai a kula da wata dabara ta talla: za a rubuta 16GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana a sa 8+8. Takwas ɗin farko ne na gaskiya. Na biyun aro ne daga rumbun ajiya, wanda bai kai ram sauri ba ko kusa. Ka biya kuɗin takwas, ka lissafa takwas. Rumbun ajiya kuwa, 64GB cikewa yake da wuri, musamman da yake manhajar wayar ita kanta tana cin kaso mai tsoka tun kafin ka ɗauki hoto ɗaya. Nemi 128 zuwa sama, ka duba ko akwai gurbin sa memori.

Tambayi sunan injin da ke tuƙa wayar. A wayoyin matsakaicin kuɗi za ka ji MediaTek Helio ko Dimensity, ko Snapdragon, ko Unisoc a masu araha. Ba sai ka haddace su ba. Abin da ya kamata ka lura shi ne, kamfanoni kan ɗauki inji ɗaya su sa shi a wayoyi da dama na shekaru daban-daban, su canja jiki da suna. Idan sabuwar da ake yayi injinta ɗaya da ta bara, ita kuma ta bara ta sauko, ɗauki ta bara.

Batir ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san halin wutarmu. 5000mAh ya zama gama-gari, kada ka sauka ƙasa da shi a Android sai da dalili. Abin da ake mantawa shi ne saurin caji. Idan wuta awa ɗaya take yi ta ɗauke, wayar da ke karɓar 33W za ta sha abin kirki a wannan awar, mai 10W kuwa da kyar ta motsa. Tabbatar akwai kan caja a cikin kwalin, domin Apple ya daina sawa tun 2020, Samsung ma ya bi sahu a wayoyinsa da yawa.

Gilashi kuma fito da shi rana ka gani. A cikin shago kowace waya haske take. Gilashin AMOLED ya fi kyan launi, amma idan ya fashe kuɗin canjinsa ya fi na LCD nesa. Shi ya sa nake ba da shawarar a ratsa layin masu gyara kafin a biya, a tambaye su kuɗin gilashi da batirin wayar da ake so, da ko ana samunsu. Su ne suka san wadda ke yawan dawowa teburinsu. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma Carlcare ce cibiyar gyaransu. Yawan kayan gyaransu a kasuwa na daga cikin abin da ya sa suka mamaye hannun jama'a. Samsung da Redmi ma ba a wahalar kayansu. Waya mai baƙon suna, komai kyanta, ranar da ta faɗi za ka san ba ta da dangi a gari.

Kyamara ita ce aka fi ruɗar mutane da ita. Yawan idanu a bayan waya ba shi ne kyan hoto ba, a masu araha sau da yawa ɗaya ce ke aiki sosai, sauran ƙanana ne ko ado. Haka nan 108MP ba lallai ta fi 50MP ba. Ɗauki hoton fuskar mutum a inuwa, ɗauki na yadi mai launi, ka buɗa shi ka duba. Idonka ya ishe ka.

Batun 5G kada ya ɗaga maka hankali. MTN ya fara shi a Nijeriya a 2022, Airtel a 2023, amma bai game ko'ina ba. Idan babu shi a unguwarku, 4G mai kyau da gurbin layi biyu sun wadatar. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne shekarun da kamfani zai ci gaba da sabunta manhajar wayar. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai, Samsung ma haka ga Galaxy S24. Masu araha ba sa kai nan, amma aƙalla kada ka sayi wadda Android ɗinta ya riga ya tsufa tun tana kwali.

Idan sabuwa ce dal, a buɗe kwalin a gabanka. Danna *#06#, lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Idan suka saɓa, ajiye.

Ta hannu kuwa, wadda ake kira Landan yus, tana da riba amma tana son haƙuri. Kada gaggawar mai shago ta ja ka. Zai ce, "Alhaji, wannan ai ba ta da matsala, ɗauka kawai." Ka ce, "To Malam, bari in sa layina." Sa layinka ka kira wani, ka ji shi ya ji ka, domin wasu an kulle su a kan kamfanin sadarwa na ƙasar da suka fito. Buɗe data. Gwada caji, lasifika, kyamarar gaba da ta baya, na'urar yatsa ko ta fuska. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo ko zane a gilashin, ka bi kowane lungu da yatsa. A iPhone shiga saitin ka duba lafiyar batir. Ƙasa da kashi 80 yana nufin canji ya kusa, sai a rage maka kuɗinsa. A wurin bayanin wayar, sababbin iPhone suna nuna ko an taɓa canja gilashi ko batir. Ka sani kuma iPhone 14 da na bayanta da aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin layi, sai eSIM. Sannan babban sharaɗi: a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ta tashi ba ta nemi iCloud ko asusun Google na wani ba. Idan ta nema aka ce maka za a yi filashin, fasa cinikin.

Kada ka sayi waya a hannun wanda ya tare ka a bakin hanya, komai arha. Kwacen waya ya ci rayukan bayin Allah a Kano da wasu garuruwa, kuma mai sayen ta sata shi ne ke ba ɓarawo kasuwa. Ban da alhaki, jami'an tsaro na bin sawun waya da IMEI, wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa. Saya a shago mai mazauni. Bayan an yi tayi an sallama, a rubuta maka rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar IMEI da kwanakin garanti, ka ɗauki hotonsa ka adana.

Saura ƙaura. Kafin ka rabu da tsohuwar, tura lambobin mutane zuwa asusunka na Google, ka ajiye hirarrakin WhatsApp a Google Drive, ko a iCloud idan iPhone ce, ka tabbatar ka tuna kalmar sirrin imel ɗinka, domin da yawa mai shago ne ya buɗe musu tun wayar farko. Kwashe hotuna. Hau manhajojin banki a sabuwar ka ga sun buɗe, ka sa wa layinka lambar sirri. Sai bayan nan ka fita daga asusun Google ko iCloud a tsohuwar, ka cire layi da memori, ka goge ta kakaf, sannan ka miƙa ta ga mai musaya ko ƙanen da ke jiran ta.